Wasiƙa Daga Kolon Zuwa Ga Sarkin Reza

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina Sarkin Reza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da uwargida da yara, da kuma Inna, Allah ya sa ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi. Na san an riga an yanke mini hukunci a majalisa, kuma na san kai ne alƙalin, ka ce wane ya ga Turai ya manta da mutane. Ba ni da bakin kare kaina, domin wasiƙarka ta yi wata uku a kan tebur ina kallonta tana kallona. Abin da ya fasa shirun wani abu ne da na ji da kunnena kwanakin baya, wanda na duba duk mutanen da na sani ban ga wanda zai gane shi ba sai kai.

Wani Bajamushe abokin karatunmu ne ya ja ni wani zaure a nan Kolon ta ƙasar Jamus, ya ce za a yi kiɗa. Da muka shiga ban ga makaɗi ko ɗaya ba, sai kujeru da lasifika a kusurwa huɗu. Aka kashe fitila. Can sai muryar wani yaro ta taso daga bayana, kafin in waiwaya ta koma hannun dama, ta rabu ta zama yara da yawa, ta narke cikin wani sauti kamar ana zuba tsakuwa a kwanon sha, sannan ta sake fitowa ita kaɗai tana jan wata kalma. Minti 13 aka yi, kuma ban jingina da kujera ba har aka kunna wuta. Sunan abin Gesang der Jünglinge, wato waƙar samari, wanda ya haɗa shi kuwa, Karlheinz Stockhausen, ya kammala shi a 1956 a gidan rediyon wannan birni, da zaren tef da reza da rula da salatif. To ka ji dalilin da ya sa ka faɗo mini a rai. Sana'ar da muka yi shekaru muna yi a gidan rediyo muna tsaki, muna yanke tarin baƙi da in'inar manya kafin labaran dare, da ita wannan mutumin ya yi suna a duniya.

Tun daga ranar nake bin tarihinsa, kuma farkonsa ne ya fi tsaya mini a zuciya. An haife shi ranar 22 ga Agusta 1928 a Mödrath, wani ƙauye kusa da nan wanda daga baya aka tashe shi saboda haƙar kwal. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Yana da shekara 4 mahaifiyarsa ta samu taɓin hankali aka kai ta asibiti, a 1941 kuma gwamnatin Hitler ta kashe ta a Hadamar tare da sauran marasa lafiyar da ta ce zamansu asarar abinci ne, aka rubuto wa dangi cewa rashin lafiya ce ta yi ajalinta. Yana da shekara 16 aka sa shi aikin ɗaukar sojojin da suka ji rauni a wani asibitin yaƙi a Bedburg. Mahaifinsa ya tafi fagen daga bai dawo ba. Aka gama yaƙi a 1945 yana maraya ta kowane ɓangare.

Sai da na san wannan sannan na gane abin da na ji a zauren. Kalmomin da yaron yake rerawa daga littafin Daniyel suke, labarin samari uku da sarki Nebukadnezzar ya jefa cikin tanderun wuta saboda sun ƙi yi wa gunki sujada, suka tsaya a tsakiyar wutar suna yabon Ubangiji. Ni dai abin da ya zo mini shi ne ƙissar Annabi Ibrahim da wutar Namarudu, da yadda Malam yake sassauta murya in ya zo wurin da aka ce wa wuta ta zama sanyi da aminci. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a irin wancan zamani, in ya zaɓi muryar yaro ɗan shekara 12 ya sa ta cikin gobarar sautin na'ura tana yabon Allah, ba sai an tambaye shi labarin wa yake bayarwa ba.

Amma na san kai ba wannan ne zai dame ka ba, so kake ka ji yadda aka yi aikin. Bayan ya yi karatun kiɗa a Kolon daga 1947 zuwa 1951, yana ciyar da kansa da kaɗa fiyano a gidajen shaƙatawa, har ya taɓa bin wani mai rufa-ido gari-gari yana yi masa kiɗa, sai ya tafi Paris a 1952 ya zauna gaban Olivier Messiaen. A can ya shiga situdiyon Pierre Schaeffer, inda ake ɗaukar ƙarar abubuwan duniya a yayyanka a sake jerawa. Da ya dawo a 1953 ya kama aiki ƙarƙashin Herbert Eimert a situdiyon kiɗan lantarki na rediyon Kolon, mutanen nan kuwa ra'ayinsu daban ne, domin su so suke a gina sauti tun daga tushe ba tare da an aro daga kowane abin kiɗa ba. Kayan aikinsu na'urorin gwaji ne na injiniyoyi. Ka tuna tsurar ƙarar nan da muke sakewa da asuba kafin a buɗe tasha, wadda Baba mai gadi yake cewa tana shiga masa haƙori? Da irinta ya gina aikinsa na farko a can, Studie I, yana ɗaukar ɗaya, ya ɗora wata a kanta, ya sake ɗauka, ya auna da rula, ya yanke. Tef ɗinsu yana gudun inci 30 a sakan, namu kuwa inci 7 da rabi ne, saboda haka sakan ɗaya a wurinsa zare ne mai tsawon santimita 76, kuma sautin da bai kai ƙiftawar ido ba yana iya kama shi da yatsa biyu. Shi yaron da ya rera waƙar samarin nan kuma sai a sa masa abin ji a kunne, a sako masa sautin da ake so, ya kwaikwaya, a ɗauka, a sake, har a dace. Kai da kake cika baki ka taɓa haɗa shirin awa guda a dare ɗaya, shi watanni ya kwashe a kan minti 13.

Akwai abu ɗaya da ya gano wanda har yanzu nake juya shi a raina. Ka san injin markaɗen bayan gidanku in za a tayar da shi, yakan fara da tuk, tuk, tuk, ana iya ƙirgawa, yana ƙara sauri har bugun ya haɗe ya zama gunji ɗaya mai tsawo. Shi Stockhausen ya ce ashe bugu da amo abu ɗaya ne, sauri ne kawai ya raba su, domin da zarar bugu ya kai kimanin 16 zuwa 20 a sakan kunne yakan daina ƙirga shi ya fara jin sa a matsayin murya. A cikin aikinsa mai suna Kontakte, wanda ya gama a 1960, akwai wurin da wani sauti yake gangarowa daga sama yana raguwa, yana raguwa, har ya warware ya zama bugu ɗai-ɗai a gabanka, kamar an kwance igiya an nuna maka zarurrukanta. Na maimaita wurin ya fi sau goma. Don ya sa sauti ya riƙa kewaya masu sauraro kuma, sai ya ɗora lasifika a kan wani tebur mai juyawa, ya kafa makirfo huɗu a gefe huɗu, yana juya teburin da hannu. Da a ce mu ne muka yi haka da kayan ofis, da takardar tuhuma tana jiranmu kafin azahar.

Daga nan sunansa ya yi ta gaba. Ya gaji Eimert a shugabancin situdiyon a 1963. A 1966 ya je Tokyo ya haɗa Telemusik, inda ya cuɗa kiɗan Japan da na Bali da na Vietnam da na Hungary da na mutanen Amazon, har da wani daga kudancin Sahara. Na kasa kunne iyakar ƙoƙarina ko zan tsinkayi wani abu mai kama da na gida, amma ya niƙa su cikin na'ura har sai dai ka ji kamar inuwar murya ta gifta ta wuce. Aikin yana da kyau, sai dai ya bar ni da wani tunani, domin sunan da ke kan faifan nasa ne, su kuwa waɗanda suka yi kiɗan an san ƙasarsu ne kawai. Mu ma ai mun sha yin haka, mu ɗauki mai kukuma ko mai gurmi a kasuwa, mu rubuta kiɗan gargajiya a bayan kwalin, mu mai da shi sito. Bayan wannan ya yi Hymnen, kusan awa 2 na taken ƙasashe da ƙugin rediyo mai gajeren zango, irin ƙugin da muka girma muna ji in ana laluben tasha da dare. A 1967 ’yan Beatles, shahararrun mawaƙan Ingila, suka sa hotonsa cikin fuskokin da ke bangon wani faifansu. A 1970 kuma, a bajekolin duniya na Osaka a Japan, Jamus ta Yamma ta gina zaure mai siffar ƙwallo, masu sauraro suna zaune a tsakiya, lasifika a samansu da gefensu da ƙarƙashin ƙafarsu, aka yi kwana 183 ana kiɗansa kullum, mutum kusan miliyan ɗaya suka ji.

A nan ne ni da shi muka fara raba hanya. Daga 1977 zuwa 2003 ya duƙufa kan aiki ɗaya mai suna Licht, wato haske, wasannin kwaikwayo na waƙa guda 7, kowace ranar mako da nata, jimillarsu kusan awa 29. Na Alhamis ne aka fara nunawa, a Milan a 1981, kuma a cikinsa akwai uwa da ake kai wa asibitin masu taɓin hankali a kashe ta, ka ga har ya haura hamsin abin bai sake shi ba. A na Laraba kuwa akwai wurin da masu goge huɗu suke shiga jirage masu saukar ungulu huɗu, kowa da nasa, su tashi sama suna kiɗa, ana sako sautinsu haɗe da ƙarar farfela zuwa zaure. An yi shi da gaske a Amsterdam a 1995. Na kalli hoton bidiyon, kuma a ganina wannan kiɗan mutumin da ya daɗe ba a ce masa a'a ba ne. Ya kuma riƙa faɗa cewa shi asalinsa daga tauraron Sirius yake, wato Shi'ira ɗin nan da aka ambata a Suratun Najmi. Abokina Bajamushen ya ce kada in ɗauki maganar a zahirinta, na ce masa a garinmu in dattijo ya fara irin wannan zance ’ya’yansa sukan rage masa baƙi.

Abin da ya fi muni ya faru ne a Hamburg a Satumba 2001, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai Amurka, lokacin da ya kwatanta harin da gagarumin aikin fasaha a gaban ’yan jarida. Nan take aka soke wasanninsa a birnin. Ya fito ya ce an yanke maganarsa ne, shi aikin Shaiɗan yake nufi, wanda dama yana cikin taurarin wasanninsa. Mu da muka ci abinci da reza mun san yadda yanka ɗaya yake juya magana, saboda haka ban yi saurin yanke masa hukunci ba. Duk da haka baki shi ke yanka wuya, kuma na kasa fahimtar yadda wanda ya ɗauki gawawwaki da hannunsa yana yaro zai ga mutuwar dubban mutane kalmar fasaha ta zo bakinsa. Har yau ban daidaita wannan mutumin da wanda ya haɗa muryar yaron nan ba.

Ranar Asabar da ta wuce na hau mota na je Kürten, ƙaramin garin da ya zauna tun 1965 a gidan da aka gina masa yadda yake so, inda kuma ya rasu ranar 5 ga Disamba 2007 yana da shekara 79. Yana cikin wani aiki ne na sa'o'in yini 24, kowace sa'a da kiɗanta, ya gama 21 ajali ya zo. Gari ne shiru, tuddai da itatuwa, ana yayyafi, kuma takalmin da na sa bai dace da wurin ba. A kan kabarinsa an zana rubutun kiɗan da ya gina Licht a kansa. Na tsaya ina kallo ban iya karanta ko layi ɗaya ba, sai wata tsohuwa da ke ban ruwan furanni ta ɗauka ni makaɗi ne daga nesa, ni kuma Jamusancina bai kai in gaya mata cewa ni mai yankan tef ne ba.

Zan aiko maka da faifan ta hannun ɗalibin nan da zai dawo gida bayan salla. Don Allah kada ka saurare shi a waya, kuma kada ka kunna shi a majalisa, domin na san mai shayi zai ce rediyon ce ta lalace. Ka bari sai dare, ka aro lasifikan nan biyu na ƙaninka, ka raba su nesa da juna, ka zauna a tsakiya ka kashe fitila. Sannan ina roƙonka ka leƙa sito ka duba ko kwalayen nan da muka rubuta wa kiɗan gargajiya suna nan, ko gara ta riga mu. In suna nan ka ware mini na mai kukuman da muka ɗauka ranar da mota ta mace mana a hanya, wataƙila a cikin tsofaffin ma'aikata akwai wanda zai tuna sunansa.

Na san akwai tambayar da ka yi mini a ƙarshen wasiƙarka, amma takardar tana ɗaki, ni kuma ina ɗakin karatu ana shirin rufewa. Ka gaida Inna da uwargida, ka gaida mutanen majalisa har da masu zagina.

Wassalam,
Naka, abokin yanka.