Wasiƙa Zuwa Fatakwal: Dalilin da Ya Sa Na Rage Kayana

Tudun Salmanu,
Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara da sauran jama'armu mazauna Fatakwal, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni ta hannun ƙaninka, har da kuɗin da ka haɗo da shi. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Sai dai na damƙa masa kuɗin domin ya mayar maka, kuma ina roƙon kada ranka ya ɓaci sai ka karanta takardar nan har ƙarshe. Na gwammace in rubuta a kan in kira ka a waya domin na san halinmu, da mun fara magana za ka katse ni da rantsuwar cewa wani abu nake ɓoye maka, ni kuma in shiga kare kaina, har kati ya ƙare ba mu fahimci juna ba.

Labarin da aka kai maka gaskiya ne. Na sayar da ɗaya daga cikin motocina biyu, na saki gidan hayar nan na Fadaman Mada na dawo ƙaramin gidana, kuma na rabar da mafi yawan rigunana. Fassarar da aka yi wa lamarin ce ba daidai ba, domin ba karayar arziki ta same ni ba, ba kuma wanda yake bina bashi. Gonata ta hanyar Dass tana ba mu masarar da muke ci har shekara ta zagayo, abin da ke shigowa kuma yana isar mu, alhamdu lillahi.

Abin ya samo asali ne daga rasuwar Yaya, Allah Ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado, malamai suka ce a fito da duk abin da ya bari a yi masa ƙima, sai da muka kwana uku muna fito da kaya daga ɗakuna biyu. Akwai shaddoji da yaduka da ba a taɓa kai wa tela ba, suna nan a cikin ledojinsu kamar yadda aka sayo su, akwai takalma a kwalaye waɗanda ƙafa ba ta taɓa shiga ba har fatarsu ta bushe ta tsattsage, ga huluna jibge a cikin akwati, asu ya cinye na ƙasa. Ka san Yaya ba marowaci ba ne, hannunsa a buɗe yake, amma mutum ne mai son saye ya ajiye da niyyar wata rana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda 'ya'yansa, waɗanda ban taɓa jin kansu ba, suka ɗaga murya a kan wani tsohon talabijin da ko an kunna shi ba zai kawo hoto ba. A daren na kasa barci, domin na san idan aka buɗe nawa siton abin da za a tarar ke nan.

Ban yi komai a kai ba sai da na cika shekara 35 a aikin gwamnati na yi ritaya, tashi daga gidan haya ya zama dole. A-kori-kura ta yi sawu bakwai ba ta gama kwashe mu ba, ƙaramin gidan kuwa ya cika har tsakar gida, babu inda za a shimfiɗa tabarma. A nan ne na zauna na fara buɗe buhuna da kwalaye ɗaya bayan ɗaya. Na tarar da rediyo uku matattu, da bidiyo mai kaset da kaset ɗinsa cike da buhu, da tafireta wadda rabon da in taɓa ta tun kafin a cire Gombe daga jihar Bauchi a 1996, da janareto biyu da kullum nake cewa zan kai gyara, da takardun tarurruka na shekara da shekaru waɗanda gara ta riga ni yanke hukunci a kansu. Na ƙirga hulunana na sami arba'in da 'yan kai, alhali kai ɗaya Allah Ya ba ni.

Da farko ƙa'ida ɗaya na sa wa kaina, wato duk abin da Sallah biyu da damina da hunturu suka wuce ban taɓa shi ba, to zamansa a gidana ya ƙare. Ƙarafa da matattun na'urori 'yan jari-bola suka auna suka biya, riguna masu kyau na kai wa 'yan'uwa a ƙauye da wasu magidanta da na san suna bukata amma kunya ba za ta bar su su tambaya ba, littattafan karatu kuma na kai makarantar Islamiyyar unguwa. Littattafan nan su ne suka fi yi mini wuyar saki, sai da na mayar da kwali ɗaya ɗaki sau biyu kafin na daure. Amma ina cikin wannan aiki sai wata tambaya ta biyu ta taso, wadda ta fi ta farko nauyi: domin wa na sayi wannan abu? Aminina, da na bi kayan ɗaya bayan ɗaya da wannan tambaya, sai na ga fiye da rabinsu ban saye su domin bukata ba, na saye su ne domin kada a ce. Kada a ce darakta guda yana maimaita riga a ɗaurin aure, kada a ce falonsa bai kai na wane ba, kada a ce iyalinsa na hawa Keke Napep. Na shafe shekaru ina yi wa idon mutane hidima da albashina, su kuwa mutanen ko tunawa ba su yi da rigar da na sa a bikin bara.

Na san abin da za ka ce, domin kai ne ka saba kawo mini hadisin da ke nuna cewa Allah Yana son ganin alamar ni'imarSa a jikin bawanSa. Ban musa ba, shi ya sa na ajiye manyan riguna uku masu kyau na Juma'a da Idi da taron jama'a, kuma ba na fita da tsumma. Amma ni'imar da ke ƙunshe a akwati asu yana ci, wa yake ganin alamarta? Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadatar zuci ita ce wadata. Malamanmu da suke karantar da zuhudu ba su ce mutum ya ƙi mallakar komai ba, abin da suke ja mana kunne a kai shi ne kada abin da ka mallaka ya mallake ka. Ni kuwa kayana sun mallake ni ta hanyar da ban lura ba: saboda su nake biyan hayar gida mai ɗaki shida bayan yara sun watse, saboda su nake biyan mai gadi, saboda su ba na iya kwana biyu a ƙauye hankalina kwance.

'Yar autata ta nuna mini hotunan bidiyo a YouTube na Turawa da mutanen Japan da suka mayar da rage kaya wani salon rayuwa, ɗakunansu fayau, kujera ɗaya, kofi ɗaya, faranti ɗaya. Na fahimci abin da ya kai su ga haka, domin a Amurka kaya kan yi wa mutum yawa har ya kama hayar wani ɗakin ajiya dabam yana biya duk wata, tufafin da suka gaji da su kuma su ne ake ɗaurowa dila-dila a kawo kasuwanninmu irin su Wunti da Muda Lawal muna saye da sunan gwanjo. Amma tsarinsu na mutumin da ke zaune shi kaɗai ne, wanda ba a yi masa sallama sai an sanar da shi tun da wuri. A Bauchi magidanci mai faranti ɗaya sunansa marowaci. Saboda haka ban taɓa tabarmi goma da ke jingine a zaure ba, ban taɓa butoci da babbar tukunyar nan da kujerun roba da maƙwabta ke ara ranar suna ko zaman makoki ba, haka nan tankin ruwa da jarkoki da buhunan hatsi suna nan, domin wanda ya san halin famfo da halin kasuwa a watan bazara ba zai kira su tarkace ba. Abin da ke yi wa jama'a amfani na riƙe shi, abin da ke jiran a gani a yaba ne kawai na sallama. Kuma ina kiyaye bakina a gaban maƙwabtana, domin da yawansu ba su da abin da za su rage, kuma rashin kunya ne mai zaɓi ya tsaya yana yi wa marar zaɓi wa'azin ƙanƙantar da kaya.

Kwanakin baya na kai jikana kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, inda muka sha zuwa da kai muna samari. A wancan lokaci ginin muke kallo, wannan karon kuwa 'yan kayayyakinsa da aka adana a wurin na tsaya ina dubawa. Mutumin da ya riƙe muƙamin Firayim Minista daga 1957 har zuwa kashe shi a watan Janairun 1966, amma abin da dattawan garin nan suke tuna shi da shi har gobe shi ne bai tara abin duniya ba. Jikan nawa ya tambaye ni ina sauran kayan suke, na ce masa ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan game da nawa, amma ta ɗaya fuskar.

Kada ka ɗauka komai ya tafi daidai. Da na waiwayi ɗakin uwargida na yi maganar kwallaye da samiru da tangaran da ke jere a kabet tun na aurenmu, sai ta dube ni ta ce, "Malam, naka ka rabar ban ce uffan ba, waɗannan kuwa iyayena suka yi mini." Gaskiya ta faɗa, domin kayan ɗakin mace mallakarta ne, shari'a ba ta ba miji ikon taɓa ko cokali ba, sai na ja bakina na yi shiru. Daga baya ita da kanta ta fitar da wasu ta ba marayun da aka aurar a danginsu, sauran kuma suna nan tana goge musu ƙurar hunturu, ban ƙara tankawa ba. A auren 'yarmu ta uku kuwa kaye na sha sarai. Na so a yi mata gado da katifa da kujeru da kayan girkin da za ta yi amfani da su a tsaya nan, amma gwaggwanninta suka taso mini da cewa ba za a je jere a kunyata su a gaban dangin miji ba. Aka cika ɗaki har ƙofa ba ta buɗuwa sosai, na biya rabona ina gunaguni. Na gane cewa mutum yana iya gyara sitonsa a mako guda, amma al'adar dangi ba ta namiji ɗaya ba ce.

Maganar mota ba ta da tsawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, riƙe mota biyu ga ɗan fansho ya zama wauta. Na bar ɗaya domin gona da asibiti da tafiyar ƙauye, zirga-zirgar cikin gari kuma Keke Napep ya ishe ni, masallaci da majalisa kuwa da ƙafa nake zuwa, har likita ya yaba.

Akwai abin da na yi nadamarsa, domin cikin zafin rabo na ba da tsani da akwatin kayan gyara, wata biyu bayan haka iskar farkon damina ta ɗaga kwanon ɗaki, sai ga ni ina aro a maƙwabta. Akwai kuma abin da ya ɗan sosa mini rai, wato wasu da suke rusunawa su gaishe ni lokacin da nake fitowa daga babbar mota, yanzu daga nesa suke ɗaga hannu, a wurin ɗaurin aure ma an daina jan hannuna zuwa sahun gaba. Kwana biyu abin ya dame ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma kuɗin haya da na mai gadi da na gyaran mota ta biyu su ne yanzu suke biyan kuɗin makarantar marayun Yaya biyu ba tare da na ci bashi ba, kuma ina iya rufe gida in tafi gona mako guda ban waiwayo ba.

Saura magana ɗaya, wadda ita ma ta sa na ɗauki alƙalami. A can ƙuryar sito na tarar da akwatin ƙarfen nan naka mai ruwan shuɗi, wanda ka bar mini ajiya ranar da na raka ka tasha za ka tafi Fatakwal, ka ce wata shida za ka dawo ka ɗauka. Yau ya haura shekara ashirin, ya bi ni gida uku, kwaɗonsa ya yi tsatsa, kuma ban taɓa buɗe shi ba domin amana ce. Shi kaɗai ne abin da ya karya ƙa'idata ta Sallah biyu ya zauna lafiya, yana nan a ƙarƙashin gadona. Ka aiko mini da abin da kake so a yi da shi: in ba ƙaninka ya kawo maka, ko in fasa kwaɗon in faɗa maka abin da ke ciki, ko kuwa ka zo da kanka da Babbar Sallah mu buɗe shi tare. Na fi son na ƙarshen, domin ɗakin baƙi yanzu babu komai a cikinsa sai katifa da darduma da buta, uwargida kuma ta ce in gaya maka masa da miyar taushe suna jiranka.

Ka isar da gaisuwata ga Hajiya da yara, uwargida ma tana gaishe su da kyau.

Wassalam.

Naka amini,
daga Bauchi.