A fassara mana labarin Apu da Durga

Ya Edita,

Rahotonku kan tsofaffin finafinan Indiya ya tsallake Pather Panchali, wanda Satyajit Ray ya fitar a 1955, kuma abin ya dame ni.

Labarin gidan talakawa ne a wani ƙauyen Bengal. Uba ya tafi neman na kai, uwa na sayar da kwanukan gida don a ɗora tukunya. Har yau ina tuna Durga da ƙanenta Apu suna keta ciyawa a guje don su ga jirgin ƙasa, da daren guguwar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Babu jarumin da ya zo ceto.

An gyara fim ɗin a 2015. Ina roƙon masu fassara su mayar da shi Hausa, gidajen talabijin kuma su nuna shi da yamma, lokacin da yara ke gida.

Naku,
Mai karatu