Kada a sauka Istanbul ranar da jirgin ruwa zai tashi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan rubutun da ya fito a shafinku na tafiye-tafiye. Marubucin ya shawarci masu shiga jirgin ruwan shaƙatawa daga Istanbul da su sauka da safe, su ɗauki ɗan jagora na kansu ya zaga da su gari, da yamma su faɗa jirgi. Ɗaukar jagora kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Saukar safen ce nake jayayya da ita, domin ni da mai ɗakina mun yi wannan tafiya bara, kuma gani ya kori ji.

Takardarmu ta ce jirgi zai tashi ranar Talata da ƙarfe 6 na yamma. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa za a rufe karɓar fasinja da ƙarfe 4. Da farko na ɗauka tsananin ma'aikata ne kawai, daga baya na gane dalili. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru idan haɗari ya auku ba. Saboda haka daga 2015 dokar teku ta duniya ta wajabta a yi wa sababbin fasinjoji wannan atisaye kafin a tashi, ko da zarar an tashi. Ga binciken fasfo, ga na kaya. Wanda ya makara, jirgi ba ya jiransa, balle idan da kansa ya shirya yawonsa. Sai dai ya bi shi zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, in har yana da bizar ƙasar.

To a lissafa. Babban filin jirgin saman Istanbul yana da nisan kilomita 40 da wani abu daga tsohon gari, cunkoson motocin birnin kuwa ba ya jin lallashi. Mutum ya kwana a sama, ya bi layin shige da fice, ya jira akwatinsa, kafin ya ga hasumiyar masallaci ta farko hantsi ya dubi ludayi. Abin da ya rage masa awa 3 ne ko 4, ido na barci, rai na kan agogo. Ko wane irin gwani ne jagoran, me zai nuna wa mutum a haka?

Mu daren Lahadi muka sauka. Jagoranmu wani magidanci ne mai jin Turanci da Larabci, da katin shaidarsa rataye a wuya. A Turkiyya doka ba ta yarda kowa ya yi wannan sana'a ba sai mai lasisi, don haka a nemi ganin katin, ba rashin kunya ba ne. Tun kafin mu zo na aika masa jerin wuraren da nake so, guda 7. Da safiyar Litinin ya zo masaukinmu, ya dubi takardar, ya dubi sandar da Hajiya ke dogarawa saboda ciwon gwiwa, ya zaro biro ya soke 3. Raina ya ɗan sosu, ban ɓoye masa ba. Sannan ya juya mini tsarin gaba ɗaya: na sa Topkapi, fadar sarakunan Turkiyya na da, ranar Talata, ashe ranar a rufe take. Da mun bi shawarar marubucinku, da a bakin ƙofa za mu tsaya mu juyo. Haka ma babbar kasuwar nan mai rufi ba ta ci ranar Lahadi, manyan masallatai kuma ba sa karɓar 'yan kallo ranar Juma'a sai an sauko.

Topkapi ita ce ta biya mini kuɗin tafiyar. Fada ce mai farfajiya huɗu, wanda ya shiga ba jagora zai iya ƙarar da ƙafarsa a ɗakunan girki da kwanukan tangaran. Shi kuwa kai tsaye ya wuce da mu farfajiya ta uku, ɗakin da ake ajiye amanonin da Sarki Salim na ɗaya ya fara kawowa bayan ya ci Masar a 1517. Akwai takubban da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, da tsofaffin makullan Ka'aba, da indararonta. Alkyabbar Manzon Allah (SAW) kanta ba a ganinta, tana cikin akwatin zinariya, daga nesa ake hangowa. A gefe guda wani alaramma na zaune yana karatu, ana karɓa-karɓa dare da rana. Hajiya ta jingina da bango ta yi shiru, hawaye na zuba. Jagoran bai ce uffan ba, bai kuma dubi agogo ba, kusan minti 20. Da cikin ayarin mutum 40 muke, muna bin mai ɗaga tuta, da tuni an kora mu gaba.

Ba zan ce bawan Allahn nan ba shi da aibi ba. Da la'asar ya ce mu leƙa wurin “wani ɗan'uwansa” mu huta. Shagon dardumai ne. Aka kawo shayi a ƙananan kofuna, aka shiga warware dardumai ɗaya bisa ɗaya har suka kai mini idon sawu, ni kuwa kunya ta hana ni miƙewa. Minti 50 suka tafi. Kowa ya san akwai kamasho a ciki. Ranar Litinin ce shi ya sa na yi dariya. Da ranar shiga jirgi ce, da labarin ya sha bamban. Da dare na gaya masa gobe babu shago, ya ce ya ji.

Ranar Talata abu biyu kawai muka yi, kuma suna fuskantar juna. Masallacin Sarki Ahmad mai hasumiya 6, sai Aya Sofiya, wadda aka gama ginawa a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban farko na Jamhuriyar Turkiyya, ta koma masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan Yuro 25, kuma ta wata ƙofa daban ake hawa da shi bene. Akwai hawa mai ɗan wuya, jagoran ya faɗa mana tun a waje, Hajiya ta ce ta gode, ta zauna a inuwa.

Akwatunanmu suna cikin motar da ke zagayawa da mu tun safe, da takardar lambar ɗakinmu na jirgin ruwa a ɗaure a hannun kowanne. Wannan ma a tambaya kafin a biya: motar za ta ɗauki kaya, kuma har bakin tashar jirgin za ta kai mu? Fasfo da magunguna a riƙe su a jakar hannu, don akwati ba ya isowa ɗaki sai can da yamma.

Ƙarfe 1 muka haye gadar Galata. Muka yi azahar a masallacin Kilic Ali Pasha, ginin Sinan, shahararren maginin sarakunan Turkiyya na da. Masallacin yana dab da tashar jirgin ruwa ta Galataport. Tashar a ƙarƙashin ƙasa take, sai an gangara ake miƙa kaya a buga fasfo. Kafin ƙarfe 2 da rabi muna zaune a saman jirgi, Topkapi na tsallaken ruwa. Wajen 4 saura kwata, da na sauka neman akwatinmu, na ci karo da wani mutum da matarsa da yara biyu sun shigo suna haki, takardar jirgin sama na maƙale a jakunkunansu. Daga baya muka haɗu a wurin cin abinci. Da safen suka sauka, jirginsu ya yi lattin awa 2, sun riga sun biya jagora kuɗin yini guda. Na tambaye shi me suka gani. Ya ce gadar Galata, ta tagar mota.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya