Godiya ga kamfanin Mosaic Records kan faya-fayan Bill Savory

Zuwa ga ma'aikatan Mosaic Records, Amurka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Kafin komai ina miƙa muku ta'aziyyar Michael Cuscuna, wanda ya rasu a watan Afrilun 2024. Shi da abokinsa Charlie Lourie ne suka kafa wannan kamfani a farkon shekarun 1980, kuma duk mai son tsohon kiɗan jaz ya san an yi babban rashi. Allah Ya ba ku haƙuri.

Abin da ya sa na rubuto shi ne akwatin nan mai faifan CD 6 da kuka fitar a 2018, The Savory Collection 1935-1940. Na saye shi da tsada, na jira isowarsa da haƙuri, kuma ban yi nadamar ko kwabo ba.

Bari in yi wa ƴan uwana masu karatu bayani. Faifan garmaho na wancan zamani, mai juyi 78 a minti, galibi ba ya ɗaukar fiye da minti 3 da ɗan wani abu a kowane gefe. Saboda haka manyan ƙungiyoyin swing, wato salon jaz na rawa na lokacin, masu makaɗa goma sha wani abu, dole su datse kiɗansu in sun shiga ɗakin ɗauka: mai busa bai gama buɗe maƙogwaro ba an ce ya sauka. Mu da muka taso a kan waɗannan faya-fayai mun ɗauka iyakar kiɗan ke nan. Shi kuwa Bill Savory, injiniyan sauti a birnin New York, yana ɗaukar abin da gidajen rediyo ke watsawa kai tsaye daga gidajen rawa, a kan manyan faya-fayai masu juyi a hankali, waɗanda ke ɗaukar dogon lokaci. Ya tara kusan dubu, ya ɓoye abinsa har ya rasu a 2004. Sai a 2010 gidan tarihin jaz na unguwar Harlem a New York, ta hannun Loren Schoenberg, ɗaya daga cikin jagororinsa, ya same su.

A nan ne aikinku ya burge ni. Da yawa daga cikin faya-fayan sun lalace saboda daɗewa a ajiye, kuma an yi fama kafin a ceto sautinsu. Amma ba a kankare shi har ya mutu ba. Ƙarar allura tana nan kaɗan-kaɗan, sai dai kiɗan na da jini a jika. A ƙungiyar Count Basie ina jin tagwayen farantan tagullar nan da Jo Jones ke takawa da ƙafa suna cas-cas, ga Walter Page yana tafiya da babban gurminsa a ƙasa bai kuskure taku ba. Sai masu ƙaho su jefa magana, masu saksofon su karɓa. Bahaushen da ya saba da waƙa da amshi ba ya bukatar tafinta a wannan wuri.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Herschel Evans, mai busa saksofon a ƙungiyar Basie. Ya rasu a farkon 1939 yana ɗan shekara 29, kuma abin da ya bari a faifai kaɗan ne. Kullum sunan abokin zamansa Lester Young ke gaba, da gaskiya kuwa, domin busar Lester ba ta da nauyi, yawo take a saman kiɗa. Amma Evans murya gare shi mai kauri, mai cika ɗaki, kuma a waɗannan shirye-shirye na rediyo an ba shi fili ya faɗi abin da ke ransa. Na mayar da wuraren da ya yi busa har mutanen gidana suka haddace su. Haka ma Coleman Hawkins, wani gwanin saksofon: busar da duniya ta san shi da ita ta 1939 minti 3 ce, ga shi nan a 1940 ya kusa ninka ta.

Ɗan littafin da kuka haɗo da shi ma abin yabo ne. Kowane kiɗa da ranarsa, da inda aka yi shi, da sunayen waɗanda suka riƙe kayan kiɗa, ga hotuna baƙi da fari masu kyau. A intanet mutum zai saurari kiɗa shekara da shekaru bai san wanda ya busa ba. Ku kun mayar wa kowane makaɗi sunansa, har waɗanda ke zaune a layin baya.

Roƙona ɗaya ne. Na san ƙa'idarku ce ku buga adadi ƙayyadadde, in ya ƙare shi ke nan. Mu da ke nesa, kafin labari ya iso mu tara kuɗin aikowa, sau da yawa kaya sun ƙare. In da hali ku duba mana hanyar da za mu riƙa samu cikin sauƙi daga Afirka ta Yamma.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naku,
wani mai sauraronku daga Zariya