Ga malaman Turanci: ba duka ne "watsa" ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin malaman Turanci na sakandare a nan Kaduna kan wasu aikatau da ke kayar da ɗalibai a WAEC da NECO, musamman a sashen zaɓen kalma mafi kusa da ma'ana. Malami zai jera scatter, sprinkle, disperse da strew a allo, ya ce duka "watsa" ne, ya wuce abinsa. Daga nan ɓarnar ke farawa.

Sprinkle aiki ne na ganganci, kaɗan-kaɗan, a kan wani abu. Mu Hausawa mun raba shi biyu: mai tsire yana barbaɗa yaji, mai shara tana yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Bature da sprinkle ɗaya yake faɗin duka biyun, amma yaro kan yi zaton garin yaji da ruwa kowanne da kalmarsa. In kuwa ruwan da ƙarfi yake fitowa, kamar feshin maganin ciyawa a gona, wannan spray ne.

Scatter ba ruwansa da tsari, abu ya faɗi inda ya faɗi, kamar tsabar da aka watsa wa kaji. Mutane ma in sun firgita kowa ya yi ta kansa, sai a ce the crowd scattered. Disperse shi ma na taro ne, amma ya fi zama a rahoton jarida da takardun hukuma, kuma ba sai an firgita ba: an tashi daga taro lafiya, ko hayaƙi ya baje. Scatter ɗin da yara ke kwasowa a titi, mai nufin hargitsa ɗaki ko kashe aure, jan biro kawai zai jawo musu wajen mai maki.

Strew, wato watsa tarkace har ya rufe wuri, an fi ganinsa a siffar strewn with, kuma wurin da tarkacen ya rufe shi ke zuwa farko a jimla: the road was strewn with litter. Sai spread, na shimfiɗa tabarma, shafa bota a burodi da yaɗuwar cuta. Ba ya canza siffa ko aikin ya wuce, don haka spreaded kuskure ne, kuma ya yi yawa a takardun yara.

Roƙona ga malamai, kada a ba da aikatau shi kaɗai. A haɗa kowanne da abin da ake yi masa, gishiri, tsaba, taro, shara, bota, sannan ɗalibi ya gina jimla biyu da kansa, a gyara masa a aji.

Wassalam.

Malamin Turanci,
Tudun Wada, Kaduna