Yammacin Juma'a a Sawakin

Baba da Mama,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, da Kaka da su Goggo da yaran gida duka. Yaya ƙafar Mama? Ni ma lafiya lau nake a nan Port Sudan, aikin asibiti ne dai ba ya ƙarewa. Zafi ya ja da baya, don a bakin tekun nan ruwan sama da sanyi tare suke zuwa.

Baba, kullum tambayarka ita ce ko na sami majami'a. Na samu, har na zama 'yar gida. Yawancinmu baƙi ne: mutanen tsaunukan Nuba, 'yan Sudan ta Kudu, da waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum tun Afrilun 2023. Lahadi ranar aiki ce a ƙasar nan, shi ya sa fasto ya sa mana fita shan iska ranar Juma'a. Da muka ci abincin rana muka cika bas sai Sawakin, kusan kilomita 60 kudu da nan, tsaunuka a damanmu, Bahar Maliya a hagu.

Kafin gari muka sauka muka bi gaɓa da ƙafa. Wani wuri rairayi ne, wani wuri dutsen murjani mai kaifi, masu silifa sun ji jiki. Ruwan garau, kana tsaye kana kallon kifi. Shugabar zumuntar matanmu, wata dattijuwa da ta baro gidanta a Omdurman da kayan jikinta kaɗai, ta cire takalmi ta shiga ruwa har idon sawu. Tun zuwana ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Ta ɗaga waƙa da harshensu, muka amsa da wanda ya iya da wanda bai iya ba, fasto ya karanta Zabura ta 107, muka yi wa Sudan addu'a. A ganina fitar nan ta yi musu maganin da ba mu da shi a asibiti.

Daga nan muka ƙetara zuwa tsibirin tsohon gari. Benaye ne na dutsen murjani, yawancinsu sun zube tun da Turawan Ingila suka mayar da tashar jiragen ruwa Port Sudan a 1909. Masallatai biyu Turkiyya ta gyara, suna nan tsaf. Har yau daga Sawakin jirgi yake kwasar fasinja zuwa Jidda.

Mama, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mun zauna shan jabana, wato gahawarsu mai citta, sai mai sayarwa ta ji ina waya da Hausa. Ta ajiye mafici ta ce, "'Yata, daga wace ƙasa?" Kakanta daga Haɗeja ya taso a ƙafa zai je Hajji, guzuri ya ƙare, ya yi aure ya zauna. Irinsu suna da yawa a Sudan, har da zuriyar mutanen da suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903. Ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarta irin ta Kaka ce. Na gaya mata mu 'yan coci ne, ta ce ai ta ji waƙarmu tun daga nesa. Ta ƙara mini gahawa, ta hana ni biya, ta ce duk Juma'ar da ba ni da aiki gidanta a buɗe yake.

Ta ce rabonta da daddawa mai kyau tun rasuwar mahaifiyarta. Don Allah Mama ki haɗa mini ita da kuka da yaji, akwai abokiyar aikina da za ta dawo daga hutu wata mai zuwa, zan turo lambarta. Baba, ka sa dattijuwar nan, shugabar zumuntar matanmu, cikin addu'ar safiya, ɗanta yana can Omdurman, ba ta da labarinsa.

A gaida kowa da kowa.

Taku,
'Yarku