Yaya, kar a taɓa kuɗin injin nan

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka da iyali, da Inna, da su Goggo. Ya ƙafar Inna, ta saki? Ni nan Jidda lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya nauyinka nake ji, sai in kasa ƙarasa magana. Wani mutumin unguwarmu da ya zo Umara ya ce mini an ciri wani abu cikin kuɗin da nake turowa an ranta wa Kawu don bikin ɗiyarsa, kuma wai Auta ya matsa sai an saya masa babur. Ban ce na gaskata ba, amma daren nan ban runtsa ba.

Yaya, kashi biyu nake turowa duk wata, ka sani. Riyal 400 na Inna ne, abinci da magani, in bai isa ba ka faɗa mini in san yadda zan yi. Riyal 700 kuwa na inji ne. Wannan ko ni ne na kira ka da kaina na ce a taɓa, ka ce mini a'a.

Shekara uku na ɗibar wa kaina. Ta farko fili, kuma Allah ya nufa mun same shi a bakin hanyar Birnin Kebbi. Bana bulo da katanga da rumfa. Baɗi in Allah ya kai mu injin casar shinkafa, tare da na fidda tsakuwa, don ba na son a ce shinkafarmu ta karya wa wani haƙori. Ka tuna yadda Inna ke turara buhu biyu, ta shanya a tabarma tana korar kaji, mu ɗauka a kai zuwa inji da hantsi, mu yi ta zaman layi har la'asar, a miƙo mana ita duk ta kakkarye? Ranar da ta zauna bakin zaure tana tsince tsakuwa da ɗai-ɗai har duhu ya hana ta gani, tun ranar abin nan ya shiga raina. Na san tun 2017 da aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu manyan motoci ke kwasar shanshera, to amma matar da ke da buhu biyu ko uku ƙaramin inji take nema kusa da gida. Su nake so in yi wa aiki. Kuma ambaliyar 2020 da ta cinye mana gonar fadama ta nuna mini abu guda: gonarka kan iya nutsewa, amma shinkafar Augie da Suru da Bunza ba za ta daina zuwa wurin mai inji ba. Dusar ma masu kiwo za su saya.

Na san masu cewa yaron da bai taɓa riƙe jarin kwano goma ba shi ne zai kafa inji. Su yi ta faɗa. Sai sun ji ƙararsa daga cikin ɗakunansu.

Aiki na nan, gini ne dai. Zafi akwai, amma daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba hukuma ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, sai mu ɗan kwanta a inuwa. Mu shida ne a ɗaki, duk mutanen kirki. Siminti ya ɗan tsattsage mini hannu, ba wani abu ba ne, kar Inna ta ji. An sabunta mini ikama, wato takardar izinin zama.

Wallahi Yaya ba raina ɗawainiyarka na yi ba. Kai ka yi jinyar Baba, kai ka sa shi a makwancinsa, ni ina nan ina ɗaukar bulo a ƙasar mutane. Duk na tuna sai in ji kamar ba ni da bakin yi maka maganar kuɗi. Ka yafe mini in na yi zafi.

Amma in da gaske an ba Kawu, a rubuta nawa ne, gaban shaida, kuma ya biya da kaka. Ba rashin zumunci ba ne, gudummawar biki zan aiko daban. Babur kuma babu. Auta ya koma kwalejin fasaha ta Waziri Umaru ya ƙarasa karatun lantarkinsa, shi zai riƙe injin, ba na son in ɗauko bare. Ka gaya masa haka daga bakina.

Ka tambayo mini kuɗin bulo ɗari a yanzu, da abin da masu inji ke kashewa a kan man dizal kowace rana, don ina tunanin ko sola za mu haɗa. Ka turo mini hoton harsashin da aka haƙa, da takardar banki ta watan nan. Mutumin nan da ya zo Umara zai komo bayan sallah, a ba shi yaji da ɗan busasshen kifi ya riƙo mini.

Ka ce wa Inna ta ci gaba da sa mini albarka. Riyal 700 ɗin nan dai, Yaya, don Allah a bar su inda suke.

Ƙaninka.